Wace takarda ce takarda? Tambayar mai wayarin da ta tayar da muhawara

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar ilimi su yi min bayani a hankali, don ni karatuna bai yi nisa ba. Shekarata 16 ina aikin wayarin a Kaduna. Shekara biyar na yi a hannun ogana kafin ya yaye ni. Ranar yayen aka yi addu'a, aka raba goro da lemo, ya miƙo min takarda mai hatimin shagonsa da sa hannun shugaban ƙungiyarmu. Makon jiya wani kamfanin gine-gine ya nemi masu wayarin, na je da takardar nan a cikin ledarta. Matar da ke karɓar takardu ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Malam, wannan ai wasiƙa ce, ba satifiket ba." Yaron da aka ɗauka a gabana, wallahi riƙon da ya yi wa filaya kaɗai ya isa ka gane bai taɓa haɗa mita ba.

To ga wata cibiya a unguwarmu, sun ce in kawo dubu 45, wata uku su ba ni satifiket mai tambarin zinare. Abin da nake so in sani, wai wa ke da ikon cewa wannan takarda ce, waccan ba takarda ba? Sannan ɗana zai gama aji uku na ƙaramar sakandare bana. Ina so ya tafi makarantar fasaha, uwarsa ta ce takardar can ba ta kai mutum jami'a. Tsakanina da ita wa ya fi gaskiya?

Dan_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam. Oga kar ka ba su ko kwabo. Tambarin zinare a kasuwa ake sayar da shi, fakiti guda.

Tsohon_Firinsifal:
Wa alaikumus salam Malam. Shekara 31 na yi tsakanin aji da ofis, bari in ɗan taɓa. Abin da ke rikita mutane shi ne suna zaton wanda ya koyar shi ke ba da shaida. A tsarin ƙasar nan ba haka ba ne. Ni da nake shugaban makaranta, iyakar abin da zan iya bai wa yaro da hannuna ita ce takardar shaidar hali, wadda za ta ce ya zauna a makarantarmu daga shekara kaza zuwa kaza, bai yi sata ba, bai daki malami ba. Amma takardar da za ta ce ya san lissafi, wannan ba hurumina ba ne. Wata hukuma ce daga waje take tsara tambayoyin, ta turo nata mai sa ido, ta kwashe takardun amsa ta kai wa waɗanda ba su taɓa ganin fuskar yaron ba su duba. In aka bar kowane malami ya auna ɗalibinsa, ai kowa A1 zai ci.

Babbar yayar waɗannan hukumomi ita ce WAEC, tun 1952, ƙasashe biyar ne suka yi tarayya a kanta: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya, babbar hedikwatar tana Akara. NECO tamu ce ta gida, an kafa ta a 1999 a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami, tana Minna. Ɓangarenku na masu aikin hannu kuwa NABTEB ce, tun 1992, tana Benin ta jihar Edo. Kafin zuwanta, 'yan makarantun fasaha jarrabawar City and Guilds ta Landan suke zaunawa, da wata da WAEC ke shiryawa. Shi ya sa in ka zauna da dattawan da suka yi aiki a reluwe ko masaƙun Kaduna za ka ji suna tinƙaho da City and Guilds ɗinsu har yau.

Saboda haka koma wannan cibiya ka yi musu tambaya ɗaya tak: sunan wace hukuma zai fito a saman takardar? In sunan cibiyar ne kaɗai, to wasiƙa ta biyu za ka saya. Gara ma ta oganka, shi dai ya san ka shekara biyar.

Hajiya_Binta_Tela:
Allah ya ƙara lafiya Baba Firinsifal. Amma fa kar a yi wa cibiyoyin nan kuɗin goro. Ni a irinsu na koyi yanka da awo, wata shida, kuma da shi nake ciyar da yara huɗu. Takardar da suka ba ni tana ƙasan akwati, ban taɓa fito da ita ba. Mai kawo ɗinki ba takarda take tambaya ba, rigar da ke rataye take dubawa.

Dan_Tudun_Wada:
Hajiya ke koyo kika je. Shi ya riga ya iya, takarda yake nema. Me za su koya wa mai shekara 16 a sana'a cikin wata uku?

Injiniya_Bala:
@Baban_Ummi abin da ya dace da kai tun farko shi ne Trade Test. Ba ta hannun ma'aikatar ilimi take fitowa ba, ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce, kuma an yi ta ne domin irinku da kuka koyi sana'a a shago. Mataki uku ce, ana farawa daga na uku, sai na biyu, na ɗaya shi ne ƙoli. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati sun daɗe da saninta, direbobi da kafintoci da makanikai da yawa da ita suka shiga aiki. Ka je ofishin ma'aikatar da ƙafarka. Kar ka bi ta hannun dillalan da za su ce kawo hoto biyu da kuɗi, jibi ka zo ka karɓa.

Abu_Sadiq:
To ai nan gizo ke saƙar, Injiniya. Waɗannan dillalan ne suka zubar da mutuncin abin. Na taɓa ɗaukar wani yaro a wurin aikina, ya zo da takardar sana'a tsaf, na ce ɗauko tasta ka duba min soket ɗin can. Ya tsaya yana kallona. Tun daga ranar duk wanda ya zo, takardarsa a aljihunsa, ga waya ga bango.

Malama_Hauwa_NSQ:
Ku ba ni dama in shigo, don wannan aikina ne. Ina cikin waɗanda aka horar su riƙa auna ƙwarewar masu sana'a a ƙarƙashin tsarin da ake kira NSQF. Hukumar NBTE ce ke kula da shi, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna tun 1977. Baba Firinsifal bai ambace ta ba, wataƙila don ita ba ta shirya jarrabawa. Aikinta sa ido: ita ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da ND da HND, kuma ita ke amincewa da hukumomin da za su ba da shaidar ƙwarewa, NABTEB na cikinsu. Wato ko mai ba da takardar ma akwai wanda ke tsaye a kansa.

Yadda abin yake ga mutum irin Baban Ummi: ba za a ce ka koma aji ba. Akwai ƙofar da aka buɗe don amincewa da abin da mutum ya riga ya koya a wajen makaranta. Mai aunawa zai biyo ka inda kake aiki. Ni kaina na taɓa wuni a wani kango tun hantsi har la'asar, ina zaune a kan bulo da fayil a cinya, ina kallon wani bawan Allah yana jan waya a cikin bututu. Ba surutunsa nake bi ba, hannunsa nake bi. Ya kashe wuta kafin ya taɓa? Ya gwada ya tabbatar ta mutu, ko dai ya yarda da makunni kawai? Kaurin wayar da ya sa wa layin hita daidai yake da nauyin da za ta ɗauka? In na tambaye shi dalili, da Hausa zai ba ni amsa, in rubuta. Ana haɗa hotunan aikinsa da shaidar waɗanda ya yi wa aiki a fayil guda. Bayan na gama, wani a cibiyarmu zai bi aikina ya duba ko na yi son kai, sannan hukumar da za ta ba da takardar ta turo nata mutum daga waje ya sake bin sawu. Ba maki ake bayarwa ba, ko dai an ce ya ƙware, ko a ce bai kai ba tukuna, ya gyara a dawo.

Mutumin nan na kango komai ya iya, abu ɗaya ya kayar da shi a zagayen farko: da silifas yake aiki a ƙasa mai danshi, kuma da haƙori yake feɗe waya. Ya ji haushina sosai ranar.

Baban_Ummi:
Hahaha Malama, wannan na haƙori kam kin taɓo mu duka. To ina ake zuwa a yi rajista?

Malama_Hauwa_NSQ:
Ta cibiyar horo da aka amince da ita ake shiga, yawanci kwalejojin fasaha da wasu cibiyoyi masu zaman kansu. Tunda a Kaduna kake, ofishin NBTE bai yi maka nisa ba, je ka nemi a nuna maka jerin waɗanda aka amince da su a fannin lantarki. Ka tambayi masu sana'ar tsohuwar kasuwar Panteka ma, don Farfesa Idris Bugaje tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yake jawo su cikin wannan tsari, kafin ya koma shugabancin NBTE.

Sarkin_Shakka:
Duk na ji. Amma matar nan da ta ce masa wasiƙa ce, kin tabbata in ya kai mata takardar tsarin NSQF ɗin za ta gane ta? Ni ina ganin za ta sake juya ta gaba da baya. Takarda ba ta da ƙarfi sai mai ɗaukar aiki ya san ta.

Malama_Hauwa_NSQ:
Wannan kam ban musa ba. Mu ma shi ke damunmu.

Maman_Khalifa:
Kun bar maganar yaro. Ni ina bayan Maman Ummi, amma rabi. Takardar da ake samu a makarantar fasaha NTC ce, ta ɓangaren kasuwanci kuma NBC, duk na NABTEB, kuma JAMB na karɓarsu a matsayin shaidar kammala sakandare. Yaron yana yin Turanci da lissafi da kimiyya tare da sana'arsa. Ɗan yayata da ita ya shiga karatun injiniyan lantarki. Inda uwar ke da gaskiya shi ne ba kowane kwas take buɗewa ba. In yaron likita yake so ya zama, darussan da zai ɗauka a can ba lalle su yi daidai da abin da ake nema ba. Ku zauna ku uku, ku buɗe kundin JAMB da ke nuna sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta. Kiredit biyar har da Turanci shi ne ginshiƙi, a fannin kimiyya da fasaha har da lissafi, sauran ya danganta da kwas ɗin. Kuma ku tambayi yaron me yake so, ba ku biyu kawai ku yi ta ja ba.

Tsohon_Firinsifal:
Maman Khalifa ta gama magana. Ƙari ɗaya: kafin ka kai shi, shiga ɗakin koyon aikin makarantar da idonka. Na san makarantun fasaha da injinansu suka mutu tun ina saurayi, a allo ake zana wa yara injin.

Yaro_Mai_Kwamfuta:
Tambaya a gefe don Allah, tsakanin WAEC da NECO wacce ta fi ƙarfi? A makarantarmu cewa ake NECO ta talakawa ce.

Dan_Tudun_Wada:
Ga shi nan an fara.

Malam_Nura_Mai_Makin:
Ƙanena, a cikin Najeriya darajarsu ɗaya, daga A1 zuwa F9 duk awo guda ne, C6 ne iyakar kiredit a kowacce, kuma makarantu da dama suna yarda ka haɗa sakamakon zama biyu. WAEC ta fi daɗewa, ƙasashe biyar ke amfani da ita, shi ya sa aka fi saninta a waje. Iyakar bambancin ke nan.

Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda ake duba takardu, don mutane na zaton muna zaune ne muna raba maki yadda muka ga dama. Na shekara tara ina makin ɗin lissafi. Kafin a ba ka takarda ko ɗaya, sai an tara ku kwanaki ana bitar jadawalin amsoshi layi-layi: wannan mataki maki ɗaya ne na hanya, wannan na amsa ne, in ya ɓata a sama amma ya bi hanya daidai ga abin da zai samu. Sai a raba muku kwafin takardar ɗalibi guda, kowa ya duba, a kwatanta. In kai ka ba da 14 shugaban tawaga ya ba da 9, sai ka tashi ka yi bayani a gaban jama'a. Takardun da za a ba ka kuma ba na yankinku ba ne, daga wata jiha ake kawo su. Bayan ka fara, shugaban tawaga zai riƙa zaro wasu daga ƙunshinka yana sake dubawa da biro mai wani launi.

Kuma satar amsa ba ta ɓuya a takarda. Ka buɗe ƙunshi ka ga yara 40 sun yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, wanda ya rubuta a allo ya manta alamar ragi, duk suka manta tare. Akwai fom da muke cikewa mu haɗa da ƙunshin. Daga nan ne ake riƙe sakamako.

Ummu_Aisha:
Malam Nura, to wanda bai ji ba bai gani ba fa? 'Yata ta zauna ɗaya daga cikin jarrabawoyin nan, ba zan kama suna ba, aka riƙe sakamakon cibiyarsu gaba ɗaya. Yarinyar da take tashi ƙarfe huɗu na asuba tana karatu da fitilar waya. Watanni muna zarya, daga makaranta a ce mu jira, daga ofis a ce kwamiti bai zauna ba. Kafin a saki, gurbin da ta samu ya wuce. Wa zan kai wa ƙara? Wanda ya riƙe shi ne mai bincike, shi ne alƙali.

Malam_Nura_Mai_Makin:
Allah ya ba ta haƙuri Hajiya. Wannan ciwo ne na gaske, ba ni da abin kare shi. Shawarar da nake bai wa iyaye dai ita ce su guji makarantun da ke tallar "kowa zai ci". Ran da asirinsu ya tonu, har da na kirki ake haɗawa.

Sarkin_Shakka:
Tambayar Ummu Aisha ita ce ainihin tambayar. Su masu auna mu, wa ke auna su? A 2025 kaɗai: JAMB ta fito ta amsa cewa na'urorinta sun yi kuskure, ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da kudu maso gabas suka sake zama, shugabanta a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, har hawaye ya yi a gaban 'yan jarida. A watan Mayun shekarar yara suka rubuta Turancin WAEC da dare da tocila a wurare da dama. Sakamako ya fito aka ce kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki aka ce an gano kuskure a wajen makin, ya koma kusan kashi 63. Da iyaye ba su yi ihu ba fa?

Dakta_Manchester:
Ina Ingila, bari in faɗi yadda suka yi nasu, ba don ya fi ba. A nan hukumomin jarrabawar sakandare da yawa ne, AQA, OCR, Pearson da sauransu, makaranta ce ke zaɓen wadda za ta bi a kowane darasi. Na sana'a sun fi haka yawa, City and Guilds ɗin da Baba ya ambata tana nan da ranta tun 1878. Sai aka kafa wata hukuma daban, Ofqual, wadda ba ta shirya jarrabawa ko ɗaya. Aikinta ta ba su izini, ta tabbatar makin wannan bai fi na waccan arha ba, ta ci tarar wadda ta yi sakaci. Tana da rajista a intanet, kowa zai iya shiga ya duba ko takardar da ake tallata masa tana ciki. Da Baban Ummi a nan yake, minti biyu ya ishe shi ya gane matsayin cibiyar unguwarsu.

Amma kar ku ce aljanna ce. A 2020 da korona ta hana zama jarrabawa, ita Ofqual ɗin ce ta fito da wani lissafin kwamfuta da ya rage darajar kusan sakamako 40 cikin kowane 100 da malamai suka ba ɗalibai. Yara suka fito zanga-zanga, cikin kwanaki aka janye, shugabar hukumar ta sauka.

Injiniya_Bala:
Kun ji ko. Mai gadin ma yana buƙatar mai gadi. Mu a nan ma'aikatar ilimi ce da kwamitocin majalisa ke kansu. In aka ce a ƙara wata hukuma, wallahi sabon ofis ne kawai da sabbin motoci.

Dakta_Manchester:
Injiniya, ai a ɓangaren sana'a kun riga kun yi, shi ne abin da Malama Hauwa ta bayyana. NBTE ba ta ba da takardar, tana tsaye ne a kan mai bayarwa. Na sakandare ne ba shi da irin wannan.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, gwamnati ce da kanta ke shirya jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare da BAC ta babbar sakandare. Ba kiredit ake ƙirgawa darasi-darasi kamar ku ba, ana haɗa makin duka ne a raba, kowane darasi da nauyinsa, in ka samu 10 bisa 20 ka wuce. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi dama a zagaye na biyu. Ranar faɗin sakamako kuwa sai ka zo ka gani, a filin makaranta ake taruwa, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, wannan na guɗa wancan na faɗuwa ƙasa. Na sana'a muna da CAP da BEP, ga kuma cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwa. Amma matsalar Baban Ummi ita ce tamu. Makanikan da ke tashar mota nan, yawancinsu wurin oga suka koya, wasu ma a Kano ko Katsina, ba mai takarda ko ɗaya, kuma su ke riƙe da motocin ƙasar.

Abu_Sadiq:
Malam Issoufou, ku dai ba ku sayar mana da digiri ba ko? Hahaha.

Issoufou_Maradi:
A'a ɗan'uwa, wannan Kwatano ce, kar ka ɗora mana.

Yaro_Mai_Kwamfuta:
Wane labari ne na Kwatano?

Sarkin_Shakka:
Ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Ka ga wannan takarda ce mai hatimi da komai, ta wuce ta gaban ofisoshi nawa. Ta Baban Ummi kuwa mai shekara biyar na gumi aka kira wasiƙa.

Alaramma_Zariya:
Tun ɗazu nake karantawa, maganar Sarkin Shakka ce ta sa zan tofa. Takardar ogan nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu a karatun zaure haka muka taso: ka sauke littafi a gaban malami, ya ba ka ijaza, ya ce na karanta wurin wane, shi ma wurin wane. Ƙarfinta sunan malamin ne. In ka je garin da aka san shi, ba a ƙara tambayarka komai. In ka je inda ba a san shi ba, sai ka buɗe baki an ji. To ita matar kamfanin ba ta san oganka ba, Baban Ummi, kuma ba ta iya wayarin ba balle ta gwada ka. Tana neman sunan da ita da mai kamfanin da kamfanin inshora duk suka sani, don in gobara ta tashi gobe a ce wa ya ɗauki wannan, ta nuna. Ba raina ka ta yi ba, kanta take karewa.

Mu ma mun bi ta nan. Ɗaliban makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani sun daɗe da ilimi a ka, ba takardar da jami'a za ta karɓa. Hukumar NBAIS tun zamanin Sardauna aka assasa ta, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya kafin ta tsaya da ƙafarta, yanzu jarrabawarta ta SAISSCE ana shiga jami'a da ita. Bai hana mu ba da ijaza ba. Yaro yana riƙe biyun.

Baban_Ummi:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ka sanyaya min zuciya. Amma fa "wasiƙa" ɗin nan har yanzu tana min zafi.

Hajiya_Binta_Tela:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi taka ba, amma akwai bambanci. Ku hukumarku daga cikinku ta fito, malamai ne suka san karatun. Mu masu sana'a wa ya tambaye mu? Ƙungiyar teloli ta fi kowa sanin wa ya iya ɗinki a unguwar nan. Me zai hana a ce sa hannun shugaban ƙungiya ya zama hujja?

Malama_Hauwa_NSQ:
Hajiya, a tsarin akwai majalisun masu sana'a na kowane fanni, su ake so su faɗi abin da ya kamata ƙwararre ya iya, kuma ana horar da ogogi su zama masu aunawa. Shaidar oga tana shiga fayil. Abin da ba a yarda ba shi ne ta tsaya ita kaɗai. Ki faɗa min tsakani da Allah, shugaban ƙungiyarku zai iya ƙin sa wa ɗan ƙanwarsa hannu?

Hajiya_Binta_Tela:
Hmm. Namu dai ba zai iya ba.

HND_Mai_Haushi:
Ku kuna kukan ba ku da takarda. Mu muna da ita, ta hukuma, tantanciya, shekara biyar har da ta koyon aiki, amma a ofis mai digiri ne gaba. Baban Ummi, in ɗanka ya bi layin fasaha ka shirya masa wannan ma.

Maman_Khalifa:
Kar ka karya masa gwiwa don Allah. Na ce masa da NTC ana shiga jami'a kai tsaye.

Baban_Ummi:
Jama'a na dawo da rahoto. Da safe na je cibiyar nan, na yi tambayar da Baba Firinsifal ya ce. Mai wurin ya tashi ya ciro wata takarda a firam daga bango, ya ce ga shi, muna da rajista da gwamnatin tarayya. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanina, ya ce ta CAC ce.

Tsohon_Firinsifal:
Wannan rajistar sunan kasuwanci ce, Malam. Mai gidan burodi ma yana da irinta.

Baban_Ummi:
Haka ƙanina ya ce. Da na matsa, sai ya ce wai suna kan hanyar haɗa gwiwa da wata hukuma, in biya rabi tukuna. Na ce zan dawo. A hanyar fita na lura soket ɗin da ke ofishinsa ya ƙone gefe guda, an cusa waya tsirara an tokare da tsinken ashana. Na ce masa in yana so in gyara, dubu biyu ne.

Litinin in Allah ya kai mu zan je ofishin ƙwadago, daga nan in wuce NBTE. Maganar yaro kuma mun tambaye shi jiya da dare, ya ce shi gyaran sola yake so. Uwarsa ta yi shiru, ban san ko yarda ba ce. Malama Hauwa, shi aikin sola yana cikin waɗanda kuke aunawa, ko sai an haɗa shi da wayarin? Kuma sa takalmi maimakon silifas na dole ne ranar da za ki zo?

Dan_Tudun_Wada:
Ya ba ka aikin soket ɗin ko bai ba ka ba?